Tumɓur da Kububuwa a Rami

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na buɗe.

A can ƙarƙashin ƙasa akwai wata 'yar ɓera wai ita Tumɓur, ko gashi ɗaya babu a jikinta. Ita da danginta rami ɗaya suke zaune, uwa guda ce ta haife su duka.

Ran nan sai Kububuwa ta zuro kai, ta ce, "Ke marar zane, ina uwarku? Yau da ita zan karya kumallo."

Tumɓur ta dake. Ta ce, "Ranki ya daɗe, tana ƙurya. Biyo ni."

Ta dinga ja da baya, Kububuwa na bin ta, har ƙarshen wani lungu. Nan ta yi tsuwwa, 'yan'uwanta suka toshe hanya da ƙasa.

Iska ta ƙare. Kububuwa ta kama haki, ko sara ta kasa. Ta ce, "Ke ba kya numfashi ne?"

Tumɓur ta ce, "Mu in iska ta yi balaguro, kwanciya muke mu jira ta."

Ta kwanta lamo kamar gawa. Da aka buɗe lungun, ta miƙe ta yi atishawa. Kububuwa kuwa ta sandare. Dangi suka ɗaga Tumɓur sama, uwarsu na rangaɗa guɗa.

Ƙurunƙus! Yau kan Kububuwa ne, na ɓera ya tsira.