Wannan Rumbu Na Ubana Ne

Akwai wani maigida mai gonaki da yawa. Wata rana ya ga wata baiwa a hannun wani mugun mutum tana shan duka da wulaƙanci. Ya ji tausayinta, ya fanshe ta tare da 'ya'yanta. Bai sa ta cikin barorinsa ba, sai ya ce mata, "Daga yau ke 'yata ce." Ya ba ta gida a bakin gari, da rumbu cike da dawa.

Ba a daɗe ba, tsohon ubangidanta ya gano inda take. Ya zo ya tsaya a bakin danga, ya daka mata tsawa yadda ya saba, ya ce, "Ke baiwa, ɗebo mini dawa." Don tsoro, ta durƙusa ta cika masa buhu. Haka ya dinga zuwa, har rumbu ya kusa ƙarewa, yara suka fara kwana da yunwa. Ran nan ya dubi 'yarta ta fari, ya ce, "In na dawo, da wannan zan tafi."

Matar ta ruga gidan maigidan da ya fanshe ta, amma ta kasa shiga. Ta raɓe a ƙofar zaure, kai a sunkuye. Maigidan ya fito ya ce, "'Yata, me ya tsayar da ke a waje kamar baƙuwa? Shigo ki faɗa mini."

Ta shiga, ta faɗa masa kome. Ya ce, "Mutumin nan ba shi da iko a kanki, na riga na fanshe ki. Tsoronki kaɗai yake ci. In ya dawo, ki kore shi da sunana. Ina tare da ke."

Kashegari mugun ya zo, riƙe da igiya. Matar ta tura yaran ɗaki, ta tsaya a ƙofa. Wannan karon ba ta durƙusa ba.

Ya ce, "Kauce, baiwa."

Ta ce, "Babu baiwa a gidan nan. Gidan na ubana ne, rumbun na ubana ne, yaran jikokinsa ne. Da sunansa nake ce maka, fita."

Ya yi dariya, ya matso. Ba ta ja da baya ba. Ta ɗaga murya ta sake kiran sunan maigidan. Mugun ya san wanda aka ambata, ya kuma san ba zai iya ja da shi ba. Ya naɗe igiyarsa, ya juya yana zage-zage, ya tafi hannu wofi.

Ma'anar wannan misali ita ce, maigidan nan Allah ne, wanda ya fanshe mu da jinin Yesu Almasihu, ya mai da mu 'ya'yansa. Mugun mutumin kuwa Shaiɗan ne. Har yanzu yakan zo ya kira mu da tsohon suna, ya kwashe salamarmu, ya sa ido a kan 'ya'yanmu. Ɗan'uwa, in za ka yi addu'a, kada ka raɓe a ƙofa. Shiga gaban Ubanka gaba gaɗi, ka faɗa masa kome. Ikon ba naka ba ne, na sunan Yesu ne, amma a bakinka aka sa shi. Ko kana jin tsoro, tsaya a ƙofar gidanka ka ce wa maƙiyi, "Fita."