Kujera Ɗaya a Bikin Nafi'u

Ku matso kusa, yau ku ne alƙalai.

Nafi'u ɗan mutanen Gusau ne, amma a Kanada ya tashi, inda ake wasan hoki a kan ƙanƙara da sanda da takalman zamiya. Mai tsaron baya ne, da wasan yake ci yake sha. Rannan manajan ƙungiyarsu ya kira shi ya ce, "Ba ka cin ƙwallo, kuma kana cikin fili ake yawan zura mana. Tattara kayanka." Ya faɗa ne a gaban 'yan wasa, ko kujera bai ba shi ba.

Nafi'u ya koma gida zuciya na tafasa. Shi fa wanda haƙoransa biyu suka zube wajen tare musu ƙwallo! Ya ɗauki sanda ya rantse sai ya fasa bakin mutumin nan. Wansa Sagir ya tare ƙofa, ya ce, "Sai dai ka bi ta kaina." Suka kama kokawa, sanda ta sauka a hannun Sagir, ƙashi ya karye, amma Sagir bai matsa ba. Da Nafi'u ya fita ranar, da an haramta masa wasa har abada, wataƙila ma da ɗauri.

Ƙanensa Mudassir kuwa tun fara wasan Nafi'u yake bin sa gari-gari, yana ɗaukar bidiyon kowane wasa cikin sanyin da ke tsaga leɓe. Da aka tashi neman hujjar wanke Nafi'u, ƙungiyar ta hana su nata bidiyon, sai na Mudassir kaɗai aka samu.

Yayarsu Ramlatu malamar lissafi ce. Ta zauna a kan bidiyon nan har idonta ya kumbura, tana ƙirga kowane hari da wurin da aka kai shi. Ta gano idan Nafi'u na ciki, abokan hamayya ba sa samun kusantar raga, daga nesa suke bugawa. Da ya fita sai su yi ta ɓarin wuta. Shi ake turawa kan 'yan gaban da suka fi haɗari, kuma ƙwallayen da aka ɗora masa masu sauƙi ne, mai tsaron raga ne ya sake su. Ta aika wa wata ƙungiya lissafin, suka duba, suka ɗauki Nafi'u.

Shekara ta zagayo aka zaɓi Nafi'u gwarzon masu tsaron baya. Aka ce ya zo bikin karramawa da mutum ɗaya daga danginsa, don kujera ɗaya aka ware masa.

Nan gida ya kama da wuta. Sagir ya ɗaga hannu ya ce, "Har yau ba ya miƙewa." Mudassir ya ce, "Yaya Ramlatu, da iska za ki ƙirga in ba don ni ba?" Ramlatu ta ce, "Ba don ni ba, da bidiyonka ƙura kawai zai sha." Nafi'u ya buga tebur ya ce, "Wallahi kun fi manajan nan ƙona mini rai!" Ya fice, bai kira sunan kowa ba.

To jama'a, tsakanin Sagir da Mudassir da Ramlatu, wa ya kamata ya zauna a kujerar nan?