Gayaunar Briskila da Zaren Gizo

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata yarinya ce, Briskila, ta fara zama budurwa, daga ita sai mahaifinta Baba Iliya. Duk shekara ran Lahadin godiya, mutane na rawa da dammunan dawa zuwa gaban majami'a, ita kuwa tana biye da ubanta hannu wofi, kanta a sunkuye.

Ran nan da sassafe uban ya ce, "Uwata, rufe idonki, riƙe bakin rigata." Suka yi ta tafiya har bayan dutse. Da ta buɗe ido sai ga gayauna, wato 'yar gona tata ta kanta, gyaɗa ta nuna har ganye ya yi rawaya. Ashe duk damina a ɓoye yake nome mata.

Ta durƙusa tana kuka. "Baba, na gode!"

"Ni na shuka, amma wa ya yi ruwan? Kwandon fari na Ubangiji ne. Lahadi ki kai da ƙafarki." Ya tafi gayyar girbi a wani ƙauye, sai Asabar zai dawo.

Ashe Gizo na kan tsamiya yana ji. Tana cika kwando sai ya sauko a zarensa, lilo-lilo.

"Sannu 'yar albarka! Kin ga zaren nan? Har sama ya kai. Godiya kamar tuwo ce, ba a bari ta huce. Kawo in kai miki yanzu."

Briskila ta tuna maganar ubanta, amma kunyar musu da babba ta kama ta. Ta miƙa. Gizo ya haye, sululu.

Washegari ya dawo yana lasar baki. "An karɓa, amma mala'iku ba su samu ba, suna ta ɓacin rai." Ta sake miƙa kwando.

Kurciya ta ce daga kan reshe, "Briskila, duba gindin tsamiya."

Gizo ya ce, "Rabu da ita, 'yar hassada ce!"

Ran Asabar kunyar gyaɗa ɗaya tak ta rage a gonar. Gizo ya sauko, ciki ya yi tulu, ya murtuke fuska. "An ce a kawo har irin shuka. In kin hana, baɗi ko ɗigon ruwa ba zai sauka a gonar ubanki ba."

Briskila ta dubi ragowar gyaɗar. In ta bayar, gobe ta shiga majami'a hannu wofi, wahalar ubanta ta tafi a banza. In ta hana, ta jawo wa tsoho yunwa. Ta tuge gyaɗar tana hawaye, ta ɗaga kwandon.

Kurciya ta sake cewa, "Briskila, gindin tsamiya!"

Gizo ya fizge kwandon ya fara hawa. Ita kuwa ta zagaya bayan itacen, sai ga ɓawon gyaɗa tsibi guda.

Ta ɗaga kai. "Baba Gizo, tun yaushe sama ta fara zubo ɓawo?"

Gizo ya ƙara sauri. Nauyin ciki, nauyin kwando, sai zare ya ce tas! Ya faɗo tim, kwandon ya gangara rafi, ruwa ya tafi da shi. Gizo ya ja ƙugu ya shige rami.

Da yamma Baba Iliya ya same ta zaune a gonar, ba ko ƙwaya. Ta kasa kallonsa. "Baba, na ba Gizo saƙon Ubangiji."

Ta zaci uban zai juya ya tafi. Can ya miƙa mata fartanya. "Kin yi roro?"

"A'a, Baba."

"Ba a taɓa tuge gyaɗa ta fito duka. Ƙasa kan ɓoye wa mai ita rabonsa. Tona."

Ta sara, sai ga 'ya'ya. Ta ƙara sarawa, ga wasu. Kurciya na gaba tana cewa, "Nan ma! Nan ma!" Kafin rana ta faɗi ƙwarya ta cika, ga ɗan iri a gefe.

Da safe aka buga ganga, mata suka ɗauki waƙa. Briskila ta aza ƙwaryarta a ka, ta taka har gaba, ta ajiye a tsakanin manyan dammuna, ta ce a hankali, "Na gode, ya Yesu. Ga ta, ni na kawo." Baba Iliya yana baya yana share ido da hularsa.

To jikokina, kun ji. Godiya ba a aika ta. Komai ƙanƙantarta, ka kai wa Allah da ƙafarka. Shi ya sa har yau Gizo ke ta saƙa zare, bai taɓa wuce rufin ɗaki ba.

Ƙungurus kan kusu! Wanda ya yi gyangyaɗi, gobe ya tambayi Kurciya.