Maigidan da Ya Ƙi Sauya Kalmar Sirri

Akwai wani maigida mai kula da gidansa ƙwarai. Ya kewaye shi da doguwar katanga, ya sa ƙofar ƙarfe. Yana da 'ya mai suna Ƙauna, wadda ta gama karatun jinya tana neman aiki. Da yake waya ba ta kamawa sosai a unguwarsu, sai ya sayo na'urar wayifai mai ba da intanet saboda ita, ya kira wani gwani mai suna Irmiya ya haɗa masa.

Irmiya ya kafa eriya a kan rufi, ya ajiye na'urar a falo, fitilunta suka kama. Sa'an nan ya ce, "Baba, saura abu ɗaya. Kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, kowa ya san ta. Bari mu sauya."

Maigidan ya ce, "Bar ta, ɗana, ita ce mai sauƙin tunawa. Wa zai tsallake katangata?"

"Abin nan ba ya tsayawa a katanga, Baba. Har bakin titi yana kaiwa."

Amma maigidan ya ƙi.

Ba a daɗe ba, masu zama a inuwar katangar suka gwada kalmar, ta buɗe. Wannan ya gaya wa wancan. Ana nan, sai ɗaya daga cikinsu ya shiga saitin na'urar, ya sauya kalmar, domin shi da abokansa kaɗai su mora.

Ranar kuwa ita ce ranar da wani asibiti zai yi wa Ƙauna tambayoyin ɗaukar aiki ta bidiyo, da ƙarfe goma na safe. Ƙarfe tara ta kunna kwamfuta, na'urar ta ƙi karɓarta. Uban ya rubuta kalmar har sau uku, ta ƙi. Ga shi a tsakiyar falonsa, amma an kulle shi a waje. Ya dubi 'yarsa tana share hawaye, kunya ta kama shi. Ya kira Irmiya ya ce, "Ɗana, ka yi gaskiya. Zo ka taimake ni."

Irmiya ya zo, bai yi masa gori ba. Ya ɗauki tsinke ya danna wani ɗan maɓalli a bayan na'urar har fitilun suka mutu, suka sake kamawa. Duk abin da baƙon ya sa ya goge. Ya ba na'urar sabon suna, ya sa doguwar kalma domin shiga, wata dabam domin saiti. Saura minti goma Ƙauna ta zauna gaban kwamfuta. Ta kuwa sami aikin.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Na'urar ita ce zuciyarka. Kalmar kamfani ita ce tsohon halin da aka haife mu da shi: fushi, kwaɗayi, girman kai. Magabci, wato Shaiɗan, ya san shi sarai, gama da shi ya buɗe zukata da yawa kafin taka. Kana iya zuwa sujada kowace Lahadi, mutane suna yabonka, alhali wani ne yake mulki a ciki.

In ka iske kanka haka, kada kunya ta hana ka kira. Yesu yana zuwa, ba ya gori. Yakan share abin da magabci ya rubuta, ya ba ka sabuwar zuciya. Kada ka jira sai ƙarfe tara na ranar bukata. Ka kira shi yau.