Gwiwar Sarki Kutama da Sassaƙen Hano

An ruwaito a tsofaffin littattafan da magabata suka bari cewa a ƙasar Zangarma an yi wani sarki ana ce da shi Kutama, mai ƙarfin jiki da saurin fushi. A shekarar da ya sa aka soma gina ganuwar birninsa, gwiwarsa ta dama ta kumbura, ciwo ya hana shi taka ƙasa.

Waziri Alƙasim ya aika aka kira wani falke mai suna Mazawaje, wanda ya shahara da fataucin saiwoyi da sassaƙe. Mazawaje ya kawo sassaƙen hano da busasshiyar citta, ya ce a dafa sarki ya riƙa sha safe da yamma, a riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kuma kada ya taka ƙafar. Sarki ya sha, zafi ya ɗan lafa, amma bai tafi ba.

Ana haka sai wani baƙon boka mai suna Shekarau ya iso fada da haɗin zaƙami. Sarki ya kurɓa, kafin azahar ya miƙe yana zagaya ganuwa da ƙafarsa. Da ya dawo ya sa aka kama Mazawaje, ya ce ya yaudare shi da ɓawon itace, a ƙwace kayansa a kore shi daga ƙasar. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a bar mutumin ya yi magana tukuna.

Sarki ya ce, "To, falke, amsa mini. Magani biyu na sha. Ɗaya ya bar ni a kwance, ɗaya ya tashe ni. Wanne ne na gaskiya?"

Mazawaje ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ka yarda zan amsa da abin da idona ya gani a hanyar Gwanja."

Aka ba shi izini, ya ce: "Muna dawowa da goro, madugunmu, Nayaya, ya zame a kan dutse ya gurɗe ƙafa, ta kumbura. Masu ayari suka ce a ya da zango ya huta, ya ƙi, don yana tsoron goro ya bushe. A wani ƙauye aka ba shi abin da ya kashe masa zafin ƙurmus. Ya ɗaure ƙafar ya shige gaba, har yana yi mana waƙa. Duk sanda zafi ya motsa sai ya ƙara kurɓa. Ranar da muka iso bakin Kwara ya kwance ɗaurin zai yi alwala, sai ga ƙafa ta yi baƙi har ƙauri. A kan jaki muka kai shi gida, kuma bai sake jan ayari ba. Ranka ya daɗe, abin da ya sha bai taɓa kumburin ba, hana shi jin sa kawai ya yi."

Waziri ya matso ya ce a hankali, "Allah ya ja zamanin sarki, tun da ka soma shan maganin baƙon nan, ka duba gwiwar?"

Sarki ya sa hannu da kansa ya warware ƙyallen da aka ɗaure gwiwar da shi. Gwiwar ta fi da girma, fatar tana sheƙi, zafinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu, shi kuwa ba ya jin komai.

Aka kira Shekarau. Bai yi musu ba, ya ce shi zafi aka ce ya kawar, kuma ya kawar, amma a garinsu ba a ba da haɗin nan sai ga wanda za a yi wa ɗori ko kaciya, shi ma ɗan kaɗan, don yawansa na juya hankali.

Sarki ya bar zaƙami, ciwo ya dawo masa da ƙarfi, ya daure. Ya kwanta yana shan hano da citta, waziri na kula da aikin ganuwa. Sannu a hankali kumburin ya saɓe, zafi ya bi shi, kafin damina ta sauka yana tafiya masallaci ba sanda.

Ya mayar wa Mazawaje kayansa, ya yi masa tufafi, ya naɗa shi mai duba duk maganin da zai shiga kasuwar birni. Shekarau kuwa bai hukunta shi ba, ya haɗa shi da masu ɗori, ya hana shi bai wa kowa haɗinsa sai a gabansu.

Masu ruwayar suka ce daga nan mutanen Zangarma suka koyi tambayar mai magani abu biyu kafin su sha: zai kwantar da zafin, kuma zai taɓa abin da ya kawo zafin? Wanda ya amsa ta farko kaɗai, sai su gode masa su nemi wani.