Katifar Da Darakta Ya Hau Da Ita Dandamali

Akwai wani malami da kowa ke kira Darakta, saboda duk dogon hutu shi ake ba wa shirya wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe a sansanin yara maza. Iyaye sukan kawo 'ya'yansu wata makarantar kwana da aka ara, su yi 'yan makonni suna ƙwallo da koyon kiɗa, ranar rufewa kuma a yi wasa a gaban iyaye.

Darakta ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Amma mutum ne mai mugun kwaɗayin tafi. In dai za a yi dariya a ce shi ya jawo ta, ba ruwansa da wanda za a yi wa. Mai ɗingishi ya wuce, sai ya kwaikwayi tafiyarsa. Mai in'ina ya gaishe shi, sai ya amsa masa da in'ina. Ni dai irin wannan raha tashin zuciya take sa ni.

A wannan hutun ya zo da ɗansa, yaro mai zaƙin murya, har yara suka laƙaba masa suna Sarewa.

Abin da Darakta bai sani ba, ɗan nasa yana fitsarin kwance. Uwar yaron ta daɗe tana ɓoye masa, tana wanke zanin gado kafin ya tashi. Ta san mijinta sarai. Abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin yamma yana bakin abokansa suna shewa.

A ɗakin kwanan yaran, gado mai hawa biyu ne. Sarewa yana ƙasa, a samansa kuma akwai wani yaro shiru-shiru da ake kira Dogo. Wata safiya, kafin a busa usur ɗin tashi, Dogo ya sauko ya tarar da Sarewa zaune a gefen gado yana kuka ba sauti, katifarsa jage-jage.

Dogo bai tambayi komai ba. Ya sauko da tasa busasshiya ya shimfiɗa masa, ya naɗe jiƙaƙƙiyar ya saɓa a kafaɗa.

"Kada Baba ya ji," in ji Sarewa.

"Ba wanda zai ji. Je ka yi wanka."

Dogo yana cikin shanya ta a bayan banɗaki, sai ga Darakta da buroshi a baki. Ya dubi katifar, ya dubi Dogo, sai ya tuntsire da dariya har kumfa na zubo masa a haɓa.

"Kai Dogo! Duk tsawon nan naka ashe kogi ne a ciki? Alhamdu lillahi, na samu wasan bana!"

Babban mutum da gemunsa, ya ga asirin yaro a shanye, abin da ya fara zuwa masa shi ne ya samu wasa. Tir!

A sansanin an saba kowane ɗaki ya shirya wasansa daga wani abu da ya faru a zamansu. Yawanci ƙwallon da ta fasa taga ce, ko ranar da aka makara. Darakta ya ce bana katifa ce. Ya ƙwace ta, ya hana a wanke, ya jefa ta ɗakin ajiyar ganguna ya kulle.

"A bar ta da taswirar fitsarinta," ya ce. "Warin ma yana cikin wasan."

Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya shiga ɗauko ganga sai ya toshe hanci. Har igiyar jita zarni take yi.

Ya haɗa waƙa kuma, ya ce Dogo da kansa zai kwanta a kan katifar a dandamali, don ba wanda zai fi mai abu iya abinsa. Dogo ya ce shi ba zai yi ba.

"To, ko ba kai ba ne?" in ji Darakta. "In ba kai ba ne, faɗa mini wane ne, mu sa shi."

Dogo ya saci kallon Sarewa. Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Malam."

Wa kuke tsammani aka ba jan waƙar? Sarewa, tunda shi ne mai murya. Kullum da yamma uban yana tsaye yana kaɗa masa hannu, yana koya masa:

"Kogi ya kawo a gadon Dogo,
Jama'a ku kawo kwale-kwale!"

Sauran yara suna amsawa suna tsalle. Darakta yana cewa, "Ɗaga murya, Sarewa! Ka yi ta da yanga, ka toshe hanci in ka zo nan!" Yaron ya daina shan ruwa tun daga la'asar don tsoro, har muryarsa ta fara dusashewa. Dogo kuwa a kan bargo yake kwana, ko'ina ya gifta sai ya ji an ce "kwale-kwale".

Sarewa ya same shi a wajen famfo ya ce, "Zan faɗa."

"Ka faɗa ka yi yaya? Ni in an tashi na tafi gidanmu, shi ke nan. Kai da shi za ka koma gida."

Ranar rufewa zaure ya cika da iyaye. A layin gaba akwai uwar Sarewa. Kusa da ita yayar Dogo ce, tela, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Ta zo masa da sabuwar farar riga da ta ɗinka, don an ce mata ƙaninta ne babban ɗan wasa. Tun kafin a buɗe labule ta ɗaga waya za ta ɗauka.

Aka buɗe labule. Yara suka shigo da katifar, warin ya riga su isowa layin gaba. Mata suka fara kare hanci da mayafi. Dogo ya zo cikin sabuwar rigarsa, ya kwanta a tsakiyar taswirar nan, ya rufe ido.

Ganguna suka ɗauka. Sarewa ya karɓi makirufo ya ja layin farko, wasu iyaye suka yi dariya. Yayar Dogo ta fahimci abin da ake yi. A hankali ta sauke wayar, ta kifa ta a cinya, hawaye na sauko mata.

Sarewa ya gan ta. Ya buɗe baki zai ja layi na biyu, sai ya fasa.

Daga gefen labule Darakta yana ta kaɗa hannu. "Ci gaba! Kai, ci gaba mana!"

Yaron ya juyo ya dubi ubansa, makirufo yana bakinsa.

"Baba, katifata ce. Ni nake yi, ba Dogo ba. Canza mini ya yi don kada ka sani."

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Darakta ya fito da sauri yana yaƙe, ya ɗaga hannu ga jama'a.

"Duk yana cikin wasan, jama'a! A tafa masa!"

Ko a nan ɗin ma tafi yake nema. Ba wanda ya tafa. Matarsa ta miƙe tsaye.

"Ba ya cikin wasa, Malam. Shekaru nake wanke wa yaron nan zanin gado a ɓoye kamar wadda ta yi sata. Ba dukansa nake tsoron ka yi ba. Wannan nake tsoro."

Ta hau dandamali ta kama hannun ɗanta. Ta tashi Dogo, ta kakkaɓe masa riga, ta kai shi gaban yayarsa ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Iyaye suka riƙa jan 'ya'yansu suna fita, wasu na tsaki.

Shugaban sansanin ya ce wa Darakta ya fitar da ƙazantar da ya kawo. Darakta ya waiga neman yaron da zai aika, babu ko ɗaya. Shi da kansa ya ɗora katifar a ka, ya ratsa ta tsakiyar iyaye a tsakar makaranta, suna darewa suna toshe hanci.

Ba a sake ba shi wasa ba, amma ba wannan ya fi ci masa rai ba. Har yau Sarewa yana waƙa a gida, yana yi wa uwarsa in tana girki. Da ya ji takun ubansa a ƙofa, sai ya yi shiru.

Darasi: Kada ka mai da asirin wani abin nishaɗi, ballantana asirin yaro. Wanda ke neman dariya da kunyar mutane, na gidansa ne za su fara ɓoye masa ciwonsu. Ku tura wa iyaye da malamai, ko wani zai gyara kafin ɗansa ya daina waƙa a gabansa.