Takardar Telan da Ba a Je Dubawa Ba

A wata cibiyar kula da masu larurar ƙwaƙwalwa akwai wani ma'aikacin bincike da abokan aikinsa ke kira Nan-da-nan. Yana da kaifin basira, sai dai Allah Ya yi shi da son jiki. Aikinsa shi ne bin mutanen da aka sallama daga sashen gaggawa, bayan wata uku ya je har gida ya ga halin da suke ciki. Da abin da ya rubuto ake sanin unguwar da za a ci gaba da tura wa ma'aikatan jinya, da wadda za a janye su.

Ƙa'idar aikin ita ce a ga mutum ido da ido, a tambaye shi shi kaɗai. Shi kuwa gogan ya gano waya ba ta cinye takalmi. Sai ya kame ƙarƙashin fanka, ya yi ta buga wa dangi, kafin azahar ya cike takarda goma. Har tsiya yake yi wa masu dawowa wujiga-wujiga daga yawon unguwanni.

Cikin waɗanda aka ba shi akwai wani tela. Da ya buga, yayan telan ne ya ɗauka, ya ce ƙaninsa garau yake, yanzu haka ma yana kan keken ɗinki. Nan-da-nan bai ce a ba shi telan ba. Ya rubuta cewa ya gan shi, yana shan magani, ya koma aiki, ya sa hannu. Irin waɗannan takardu suka taru, rahoto ya nuna unguwar ta samu sauƙi, aka mayar da ma'aikatan jinyarta wani wuri. Har yabo ya sha a taro.

Bayan wata huɗu wata tsohuwa ta zo cibiyar, ta ce ita ce mahaifiyar telan. Ta gaya wa Sista, shugabar ma'aikatan jinya, cewa ɗanta ya daɗe da barin magani, yayansa kuma ya kulle shi a ɗakin baya don kada maƙwabta su ji. Ta yi ta zuba ido ko wani zai leƙo, shiru.

Sista ta ɗauko fayil ta ajiye a gaban Nan-da-nan. "Wace rana ka gan shi?"

Ya fara kame-kame.

"Ɗauko jakarka," in ji ta. "Yau za ka gan shi."

Da suka isa gidan, yayan ya buɗe kwaɗo yana sunkuyar da kai. An toshe tagar da katako, ɗakin sai zarni. Telan na zaune a ƙurya, ya rame, faratansa sun yi zaƙo-zaƙo. Da ya ga baƙi, sai ya lallaɓa ya janye tabarmar da yake kai ya tura musu, ya ce su yi haƙuri babu kujera.

Tsohuwar ta dubi Nan-da-nan. "Ɗan nan, ko kai ne wanda aka ce zai zo duba shi?"

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, "Ni ne, Mama."

"Allah Ya yi maka albarka da ka zo," in ji ta. "Na san aiki ne ya yi maka yawa."

Washegari Nan-da-nan da kansa ya kai wa Sista takardu sittin da uku da ya cike daga kan kujera. Aka janye rahoton, aka sallame shi daga aiki, telan kuma aka mayar da shi asibiti, inda likita ya ce jinyar za ta ɗauki lokaci.

Darasin da ke nan shi ne, duk takardar da aka ba ka ka cike, akwai ran mutum a bayanta. Wanda aka ba amanar duba marar lafiya, ya tashi ya je ya gani da idonsa, ya ji daga bakin mai ciwon. Idan bai je ba, ya rubuta bai je ba. Ƙaryar da ka yi don ka huta na awa ɗaya, wani bawan Allah ne zai kwana cikinta wata da watanni.